Cunkoso da ba wanda ya haɗa shi

Dalibin_Tech:
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Ina da magana da zan kafa, wanda bai yarda ba ya zo mu tattauna. Cunkoso yana iya haɗuwa ba hatsari, ba shinge, ba ramin hanya, ba kuma wanda ya ja wani zuwa wurin. Sharaɗi biyu kawai yake nema: kowa yana tafiya da ƙarfin kansa, sannan tafiyar tana raguwa in wuri ya cika.

A fiziks akwai reshen da ke nazarin abubuwa masu motsa kansu. Tsuntsu, kifi, bakteriya, mota, mutum, duk suna ciki, domin kowanne yana ƙona abinci ko mai ya tura kansa gaba. A 2008 wasu masana biyu a Jami'ar Edinbura, Julien Tailleur da Michael Cates, suka nuna da lissafi cewa irin waɗannan abubuwa suna iya rabuwa gida biyu da kansu: gefe guda a cushe ana jan ƙafa, gefe guda fili fetal ana gudu. Dalilin zagaye yake yi. Inda ka rage gudu nan kake daɗewa, inda ake daɗewa nan ake taruwa, inda aka taru nan gudu ke ƙara raguwa. A ganina babban kaso na wahalar da muke sha a nan Kumasi, a kasuwar Kejetia da hanyar Tafo, daga nan take.

Direban_Tafo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina jan trotro, ƙaramar bas ta haya, tsakanin Kejetia da Tafo, ban taɓa shiga cunkoson da ba shi da uba ba. Ko wani ya tsaya lodi a tsakiyar titi, ko pragya, keke mai ƙafa uku na fasinja, ta kutso ta hannun da ba nata ba, ko aboboya, irinta ta dako, ta mutu da kaya. Ka zo ka zauna gaban mota wuni guda, zan riƙa nuna maka mai laifi da yatsa.

Hajiya_Atamfa:
Gaskiyar direba. A layinmu da mutum ɗaya ya baza kayansa kan hanyar wucewa, shi ke nan an toshe. Ga 'yan kayayo, 'yan mata masu dako, da manyan tasoshi a ka, ba su da inda za su kauce. A kwashe kaya daga hanya ka ga ko za a cushe.

Dalibin_Tech:
Kawu direba, Hajiya, ban ce waɗannan ba sa jawo cunkoso ba. Cewa na yi ko an kawar da su duka zai iya haɗuwa. An gwada. A Japan, Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka sa motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowane direba ya riƙe kilomita 30 a awa, ya bi na gabansa lafiya lau. Ba mahaɗa, ba fasinja, ba rami. Da farko tafiya ta yi daidai. Ba a jima ba sai tazarar ta fara bambanta, wani ya ɗan matsa kusa da na gabansa ya taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya cak. Cunkoso ya haɗu, kuma yana tafiya baya-baya da gudun kusan kilomita 20 a awa alhali motocin gaba suke yi. A 2008 aka buga sakamakon, bidiyon yana YouTube.

Direban_Tafo:
Wannan na baya-bayan na san shi. A hanyar Accra za ka yi ta jan jiki, in ka kai gaba ka tarar ba komai, hanya wayam. Amma ko a gwajin naka ai akwai wanda ya fara taka birki. Shi ne mai laifin.

Dalibin_Tech:
To Kawu, a nan maganar take. Wannan birkin da ya taka, da motoci kaɗan ne a da'irar, na bayansa yana da tazara, ba zai ma ji ba, abin ya mutu a nan. Birki ɗaya ne, direba ɗaya ne, amma in motoci sun wuce wani adadi sai ƙaramin kuskure ya riƙa girma daga mota zuwa mota maimakon ya ɓace. Kuma ba direban da ba ya wannan ƙaramin kuskuren. Ka cire shi ka sa wani, cunkoson zai sake haɗuwa a bayan wani daban.

Malam_Asawase:
Ɗalibi, na ji daɗin wannan magana, amma ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Motocin Japan duk gaba ɗaya suka fuskanta, abin da ke cin su shi ne jinkirin da ke tsakanin ganin ido da taka birki. Abin da Cates da Tailleur suka yi magana a kai, ƙwayoyi ne da kowacce ta nufi inda ta ga dama. 'Yan uwan juna ne, amma ba abu ɗaya ba ne.

Bari in faɗa yadda nake koya wa ɗalibaina. Manja da ruwa suna rabuwa a tukunya saboda ƙwayoyin ruwa suna riƙe junansu da ƙarfi, suna ture man waje. Akwai jan juna a ciki, wannan tsohon ilimi ne. Sabon abin shi ne a samu rabuwa irin wannan ba tare da jan juna ko kaɗan ba. Ƙwaya biyu masu tura kansu sun yi karo gaba da gaba. Kowacce tana ci gaba da turawa, ba mai ja da baya, sai lokacin da ɗaya ta ɗan juya fuska ta zame. In kafin ta juya ta uku ta zo ta dafe, ta huɗu ta biyo, to dunƙule ya fara. Na bakin dunƙulen da suka fuskanci ciki su ne ke danne sauran, waɗanda suka fuskanci waje kuwa sun riga sun tafi. A 2012 Yaouen Fily da Cristina Marchetti a Amurka suka gwada a kwamfuta da ƙwayoyin da ba su da komai sai ture juna, suka ga rabuwar tana farawa tun ƙwayoyin sun cika kusan kashi 40 cikin ɗari na filin. Wato fiye da rabin wurin babu kowa, amma an cushe. Abin da ya fi ɗaure kai: ƙara musu gudu ƙara dunƙulewa yake yi, domin sababbi suna isowa kafin tsofaffi su samu juyawa.

Nas_Rabi:
Malam, a kwamfuta kam haka ne. Ni a ɗakin gwaji nake aiki, kullum ina kallon bakteriya a madubin likita. E. coli tana iyo miƙe na kusan daƙiƙa ɗaya, ta yi 'yar wuntsilawa, ta ɗauki wata hanya. Amma in kun ga sun dunƙule a zahiri, yawanci yauƙi suka fitar suka manne, ko wani sinadari suke bi. Wannan jan juna ne. Ina aka taɓa ganin taku rabuwar tsantsa a abu mai rai?

Dalibin_Tech:
Yaya Rabi, tsantsarta tana da wuyar samu a abu mai rai, saboda dalilin da kika faɗa. Shi ya sa aka koma ƙera ƙwayoyin. Ana ɗaukar ɗan ƙwallo da ido ba ya gani, a shafa wa rabinsa ƙarfen filatinam, a jefa cikin ruwan nan mai kumfa da kuke wanke rauni da shi. Gefen filatinam yana farfasa sinadarin, ƙwallon ya kama tafiya. A 2013 a Jami'ar New York, Jérémie Palacci da abokansa suka yi wasu da hasken shuɗi ke tayarwa: a kunna fitila su taru su jeru reras, a kashe su watse. Sai dai waɗannan akwai ɗan jan juna a cikinsu. A shekarar dai a Jamus, Ivo Buttinoni da abokansa suka yi da ƙwallayen da aka shafa wa rabinsu gawayi, suka ga dunƙulen yana girma in an ƙara musu gudu, daidai da abin da Malam ya faɗa.

A mai rai kuma, a 2011 masana a Hong Kong suka sauya wa E. coli halitta yadda za ta daina iyo in ta ji 'yan uwanta sun yi yawa. Da aka ɗiga su a faranti, sai suka bazu suna yin zobe-zobe, mai kauri, mara kauri, mai kauri. Ba wanda ya zana musu.

Nas_Rabi:
Na Hong Kong ɗin ya burge ni. Amma ka lura da hannun mutum aka sa musu dokar.

Dan_Bawku:
Ku bar ni in shigo da nawa. Mu a arewa jan-baki ne bala'inmu in dawa da gero sun fara nuna. Garke guda zai taso kamar hayaƙi, ya juya lokaci ɗaya, ba ka ganin biyu sun yi karo. Tun muna yara ake ce mana suna da sarki da ke gaba. Ɗalibi, akwai sarkin ko babu?

Yar_Alabar:
Ni ma jemagun gidan zu nake tunani. Duk magariba in sun taso sai sama ta yi baƙi ta wajen Kejetia. Wa ke ce musu lokaci ya yi?

Dalibin_Tech:
Jemagu faɗuwar rana ce ke tashe su, kuma fita kiwo suke yi, ba sa juyi tare irin na jan-baki. Na Dan_Bawku shi ne ɗaya ɓangaren wannan ilimi. A 1995 Tamás Vicsek na ƙasar Hangari da abokansa suka zuba ɗigo-ɗigo a kwamfuta. Kowane ɗigo gudunsa ɗaya, dokarsa ɗaya: duba maƙwabtanka na kusa, ka bi inda akasarinsu suka nufa, tare da ɗan kuskure. In kuskuren ya yi yawa ko ɗigon sun yi kaɗan, kowa tasa yake yi. In aka rage kuskuren ko aka ƙara yawansu, sai gaba ɗaya su ɗauki hanya guda. Ba shugaba a cikin lissafin.

Daga baya masana a birnin Rum suka hau rufin gini da kyamarori suna ɗaukar wasu tsuntsaye dangin shaya da ke cika sararin birnin da yamma lokacin hunturu. Cikinsu har da Giorgio Parisi, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021. Suka gano wurin da kowane tsuntsu yake a cikin garken, suka buga a 2008 cewa kowanne yana lura ne da maƙwabta shida zuwa bakwai, ko suna kusa ko sun ɗan yi nisa. Wanda ya hango shaho ya juya, na kusa da shi su juya, juyin ya ratsa garken. Duk wanda ya fara gani shi ne na gaba a wannan lokacin.

Dan_Bawku:
To fara fa? Kakana yana ba da labarin shekarar da farin ɗango ya sauka, ya ce ko ganyen bishiya bai bari ba.

Malam_Asawase:
Fara tana da nata labarin mai ban tsoro. Ita kaɗai tana gudun 'yan uwanta. In ciyawa ta ƙare suka matsu wuri guda, ƙafafunsu na baya suna gogar juna, sai sinadarin serotonin ya ƙaru a jikinsu, cikin 'yan awoyi ta koma mai neman taro. A 2006 aka zuba 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba a wani fili mai siffar zobe a Oxford. In kaɗan ne kowacce tana yawonta, in aka ƙara sai su jeru su riƙa zagayawa tare. Aka ce ga lissafin Vicsek ya fito a fili. A 2008 kuma aka gano suna cin junansu, wadda ta tsaya ta baya za ta cije ta, don haka tafiyar har da gudun ceton rai.

Amma ɗalibi, ka riƙe wannan. A 2025 masana a Konstanz ta Jamus, cikinsu har da Iain Couzin wanda yana cikin masu gwajin 2006, suka sa fara a tsakiyar hotunan fara na kwamfuta, suka ga ba daidaita fuska take yi da maƙwabta ba, bin waɗanda ta hango take yi. Daga nesa garken ya yi kama da lissafin, amma dokar da ke cikin kan farar daban ce. Shi ya sa nake ja maka kunne kan Kejetia.

Hajiya_Atamfa:
Yawwa Malam. Abin da ke cina ke nan tun ɗazu. Mu ba ƙwayoyi ba ne. Ina da ido, ina da hankali, in na ga tsohuwa na kauce mata, in na ga an cushe na bi ta wani layin. Yaro ya ce ba laifin kowa ba ne, gobe mai baza kaya a hanya ya ce ai fiziks ne.

Baba_Yelwa:
Assalamu alaikum. Hajiya, maganarki gaskiya ce matuƙar akwai wurin kaucewa. Allah ya nufe ni da sauke farali tun kafin a sake ginin wurin jifa. Akwai matsin da in ka shiga, hankalinka yana nan, tausayinka yana nan, amma ƙafarka ba taka ba ce. Taro ya ɗauke ka ya yi dama, ya dawo da kai hagu. Kana jin kana danne bawan Allah, ba ka da ikon dainawa. Ban ga mugu ko ɗaya a wurin ba, kowa addu'a yake yi. Yaron nan bai yi ƙarya ba.

Dalibin_Tech:
Baba, Allah ya karɓi ibada. Abin da kuka faɗa an gan shi a bidiyo. Bayan abin da ya faru a Mina ranar 12 ga Janairun 2006, inda alhazai fiye da 340 suka rasu, Dirk Helbing da abokan aikinsa suka bi hotunan mashigar gadar wurin jifa. Suka ga mataki uku. Da farko tafiya sumul. Sai ta koma a tafi a tsaya. Sai kuma taron ya fara tangaɗi ta ko'ina, ana tura mutane inda ba su nufa ba, kuma a wannan matakin ne ake faɗuwa. A tafi a tsayan ya fara tun da sauran lokaci, wato alama ce da mai lura zai iya gani ya tsayar da shigowa. Yanzu gadar hawa-hawa ce, hanyar shiga daban ta fita daban, kuma kowace tawaga da lokacinta.

Hajiya, ban wanke mai baza kaya ba. Shi ne ke rage faɗin hanya har yawan mutane ya kai inda abin ke kamawa.

Kotoko_Har_Abada:
Ba sai mun je Makka ba. 9 ga Mayun 2001, filin wasa na Accra, Hearts da Kotoko. An harba barkonon tsohuwa, mutane suka yi kan matakala, ƙofofi a rufe. Mutum 126. Da yawa 'yan Zango ne, a Nima an san gidajen da aka yi zaman makoki. Kada wani ya ce min lissafi ne ya kashe su.

Baba_Yelwa:
Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri.

Yar_Alabar:
Amin ya Allah.

Malam_Asawase:
Amin. Ɗan'uwa, ba wanda zai faɗi haka. Wanda ya harba da wanda ya rufe ƙofa mutane ne, kuma an kafa kwamitin bincike a kansu. Abin da ilimin ya ƙara shi ne ya hana a ɗora wa mamatan laifi, a ce ai su suka yi turereniya. Tun a 2000, Helbing da Illés Farkas da Vicsek ɗin nan dai sun nuna cewa a ƙofa ƙunci, in kowa ya ƙara sauri fitar raguwa take yi, domin jikuna suna cijewa a bakin ƙofar su toshe ta. Na baya bai san na gaba ya faɗi ba. Don haka nauyin yana kan mai tsara wuri, ya san adadin da wurin zai ɗauka, ya bar ƙofa a buɗe. Wannan ya shafi masu shirya Maulidi da filin Idi da manyan jana'izu a nan Kumasi.

Fita_Magazine:
Ni tambayata ta aiki ce. Mu a Suame, unguwar makanikai, in abu ba ya juya wani abu ba mu ɗauke shi inji ba. Waɗannan ƙwayoyin naku suna iya aiki, ko kallo kawai ake yi?

Dalibin_Tech:
Suna iyawa, Yaya. A 2010 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Rum ɗaya a Amurka, suka ƙera giyar inji ƙanƙanuwa mai haƙora a karkace kamar na zarto, suka saka cikin ruwan da bakteriya ke iyo. Bakteriyar suna zamewa a jikin haƙoran su maƙale a lungu suna turawa, giyar ta kama juyawa gefe guda. Ka saka wannan giyar a ruwa zalla, ƙwayoyin ruwan suna bugunta ta ko'ina amma ba za ta taɓa juyawa gefe ɗaya ta ɗore ba, dokar fiziks ta zafi ta hana. Bakteriya sun iya ne don suna cin abinci. Ƙarfin kaɗan ne ƙwarai, ba zai tayar da ko fitilar pragya ba. Inda aka fi sa rai shi ne ƙwayoyin da za su kai magani wani wuri a jiki, kuma a nan dole a san yaushe suke dunƙulewa, don kada su toshe hanyar da aka aike su.

Direban_Tafo:
Mu dawo kan titi. In na yarda da kai, me zan yi gobe da safe? In bar tazara, pragya uku su shige gabana, yaron motata yana kallona, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma?

Dalibin_Tech:
An sake irin gwajin Japan a Arizona ta Amurka da motoci kusan 20, aka sa guda ɗaya tak da kwamfuta ke riƙe mata gudu, ba ta rugawa ta cike tazara, ba ta taka birki da ƙarfi. Ita kaɗai ta kwantar da a tafi a tsayan, man da motocin ke sha ma ya ragu. Amma layi ɗaya ne, ba mai shiga gabanta. A hanyar Tafo tazarar da ka bari wani zai cike, wannan gaskiyarka ce Kawu.

Hajiya_Atamfa:
A kasuwa dai na lura da abu guda. In hanya ba kaya, masu shiga da masu fita da kansu suke yin layi biyu, ba mai tsara su. Da an ajiye buhu ɗaya layin ya wargaje. Don haka ina nan kan bakana, a fara da kwashe kayan.

Malam_Asawase:
Wannan layi biyun ma an yi nazarinsa, Hajiya, wanda ya bi bayan mai tafiya irin tasa ba ya karo, sai layin ya ɗore. Ina da shawara. Ranar Asabar zan zana da'ira a filin makaranta, in sa 'yan ajina su riƙa tafiya a ciki, kowa ya miƙe inda ya fuskanta, ba kaucewa, ba turi, in ya haɗu da wani ya tsaya sai na busa usur ya juya. Mu fara da kaɗan muna ƙarawa, wani ya hau bene ya ɗauka da waya. Ɗalibi, ka zo ka ƙirga.

Nas_Rabi:
Malam, yara za su kauce tun kafin su haɗu, ido ba ya bari. Kuma a sa babba a tsakiya saboda ƙananan.

Dalibin_Tech:
Zan zo in sha Allah. Yaya Rabi, a ce kowa ya kalli ƙafarsa, tafiya kuma a hankali. Malam, usur ɗaya ga kowa ba zai yi ba, in suka juya lokaci guda dunƙulen zai watse gaba ɗaya. Gara kowane yaro ya riƙa ƙirga goma a ransa kafin ya juya, daga baya mu mayar da shi ashirin mu ga ko dunƙulen zai fi girma. A samo mana igiyar awo da alli, ina so in san faɗin da'irar kafin a fara.